Wanda Ya Sace Mini Ƙoramu Uku

Shekara takwas na yi ina wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na sashen nazarin halittu, a wata babbar makaranta a Gusau, kafin a ba ni damar yin digiri na biyu. Aikina shi ne in shirya wa ɗalibai kayan aiki, in goge madubin nan da ke ƙara girman ƙananan halittu, in kulle ƙofa idan kowa ya watse. Ban raina aikin ba, da shi na yi aure. Amma na gaji da ganin yaran da na koya wa riƙe kwalba suna dawowa bayan 'yan shekaru ina ce musu yallaɓai.

Da aka ce in zaɓi abin da zan yi bincike a kai, sai na zaɓi ruwa. Lafiyar ƙorama ana gane ta daga abin da ke zaune a cikinta. Akwai irin gansakukar da ba ta fitowa sai a ruwa mai tsabta, akwai wadda sai ruwa ya lalace take haukar yaɗo. Haka ƙwarin da ke maƙale a ƙarƙashin duwatsu, da dodon koɗi, da matsattsaku, da tsutsotsin cikin laka. Na ɗauki ƙoramu uku: ɗaya kusa da Kucheri, ɗaya ta wajen 'Yankuzo, ɗaya kuma a bayan garin Bungudu. Kowane wata ina zagaya su a kan babur, da 'yar ƙaramar komar kamun kifi, da rariya, da farin faranti, da jaka cike da kwalabe. Na yi haka damina biyu da rani biyu.

Ta Kucheri ita na fi so. Tana gangarowa ne ta cikin duwatsu, ruwanta garau, kana ganin yatsun ƙafarka. In ka ɗaga dutse sai ka tarar da wani ɗan ƙwaro mai gina wa kansa gida da ƙwayoyin yashi, ya shige ciki yana jan abinsa, kai kawai yake leƙowa. Wannan ƙwaro ba ya zama inda ruwa ya ƙazantu. Ranar da na fara ganinsa na zauna a kan dutse ina kallonsa har wata Bafulatana da ta zo wanke ƙwarya ta tambaye ni ko lafiya. Ta Bungudu kuwa tana bi ne ta ƙasan inda ake yanka dabbobi da inda ake zuba shara. Gansakuka ta rufe ta kamar bargo, lakarta baƙa ce mai wari, in ka tace ta a rariya babu komai sai jajayen tsutsotsi suna mutsu-mutsu. A bakinta akwai wani dattijo mai lambun albasa da tattasai. Da farko ya ɗauka magani nake haɗawa.

"Malam, mi kaka nema cikin wanga ruwa?" ya tambaye ni.

Na nuna masa tsutsotsin a faranti. Ya duba, ya tofar da yawu, ya ce Allah ya ba kowa sana'arsa. Daga baya muka saba, har yakan ajiye mini rake.

Wanda aka ba duba aikina shi ne shugaban sashenmu. Dakta muke ce masa. Mutum ne mai son tsabtar kaya, kullum cikin farar shadda mai guga, takalminsa kamar a lasa. Sau uku ina roƙonsa ya bi ni ya ga wuraren, kullum da uzuri. Da na gama tara bayanai, na kai littafin da nake rubutu a bakin ruwa wani shagon buga takardu, aka mayar mini da shi jadawali a kwamfuta. Dakta ya ce in ba shi kwafi ya duba kafin in fara rubuta kundin digirina. Na ba shi da hannu biyu, har da hotunan da na ɗauka, ina godiya.

Wata bakwai ban ji komai ba. In na tambaya ya ce, "Malam, ka cika gaggawa. Ilimi ba a yi masa haka."

Wata safiya wani malami a sashenmu ya kira ni ofishinsa, ya juya mini kwamfutarsa. Maƙala ce a wata mujallar masana. Ƙoramuna uku ne, watannina ne, ƙwarina ne, har hoton da na ɗauka na dutsen Kucheri da ƙafata a gefe an yanke ƙafar. Sunan Dakta ne a sama, sai na wani abokinsa. Na nemi nawa har cikin layin godiya a ƙarshe, babu.

Na je wurin Dakta. Ya bar ni a tsaye har ya gama waya.

"Da kayan wa ka yi aikin?" ya ce. "Kwalaben gidanku ne? Duk abin da aka yi a ɗakin gwajin nan na sashe ne, ni ne kuma sashe. Je ka rubuta kundinka."

Na rubuta, don ban ga wata hanya ba. Da kundin ya je gaban kwamiti, sai aka ce ya yi kama da maƙalar da aka riga aka buga, kama ta fitar hankali. Aka kira ni. Shugaban kwamitin shi ne abokin nan da sunansa ke kan maƙalar. Na kawo littafina mai tabon laka, ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya ce kowa na iya shafa wa littafi laka. Dakta yana zaune yana girgiza kai kamar mai jin tausayi, har ya roƙa mini sassauci, ya ce a dubi iyalina kada a kore ni daga aiki. Aka soke kundin, aka rubuta mini takardar gargaɗi a kan satar aikin wani, aka ce in ina so in sake sabon bincike daga farko.

Sakewa ba ta yiwuwa. A lokacin hanyoyin ƙauyukan Tsafe, wajen Kucheri da 'Yankuzo, sun fara lalacewa da rashin tsaro, mutane sun daina zuwa gonakin nesa, balle baƙo da babur da jaka ya je ya sunkuya a ƙorama shi kaɗai. Abin da na tara a shekara biyun nan ba wanda zai sake tara shi nan kusa.

Maganar ta fita gari, ta isa kunnen mahaifina a yadda jama'a suka iya faɗarta: an kama ɗanka da sata a wurin aiki. Tela ne, ya tsufa, bai san mene ne maƙala ba. Na zauna na yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, Allah ya fid da mai gaskiya." Amma ya daina zama a dakalin ƙofar gida bayan la'asar inda yakan yi hira da tsaransa. Kafin shekara ta zagayo ya rasu. Dakta ya zo gaisuwa cikin farar shadda, ya zauna a tabarma ta gaba, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo. Ina kallon tafin hannunsa. A nan na ƙudurta cewa ba zan bar masa ba, ko da zan tsufa ina jira.

Har lokacin ban karanta maƙalar da kyau ba, don duk na buɗe ta sai idona ya rufe. Bayan sadakar arba'in na zauna da ita da littafina gefe da gefe, layi bayan layi. A shafi na huɗu na tsaya. Maƙalar ta ce ƙoramar Bungudu ita ce mafi tsabta, a can ake samun ƙwaro mai gidan yashi, ta Kucheri kuma ita ce ta ƙazantu da jajayen tsutsotsi. Na koma na duba kwafin da na ba shi. Ashe mai buga takardun nan ya musanya sunayen biyu a saman jadawali. Ni a kundina daga littafi na kwafa, shi ya sa ban lura ba. Dakta kuwa ya ɗauka yadda ya gani, har ya ƙara bayani na kansa, wai ruwan Bungudu yana gangarowa ta cikin duwatsu da inuwar itatuwa nesa da gidajen mutane.

Na yi dariya ni kaɗai har matata ta leƙo daga madafa.

Ta ce in kai wa hukuma gobe-gobe. Na ce a'a. Na san abin da za a yi. Za a kira mu a ɗaki a rufe ƙofa, a ce kuskuren bugu ne, a aika wa mujalla gyara, a ce mu yi musafaha. An tozarta ni a bainar jama'a, ba zan karɓi hakkina a ɓoye ba.

"Ramuwar gayya kake so," in ji ta.

Na ce ita fa.

Shekara uku na yi ina jira. Ban taɓa yi wa Dakta biyayya irin ta waɗannan shekarun ba. Ina gaishe shi da rusunawa, ina ɗaukar masa jaka daga mota, in ya yi barkwanci ni ke fara dariya. Har ya riƙa ba da misali da ni, wai ga mutumin da ya yi kuskure ya tuba. Maƙalar nan kuwa ta zame masa tsani. Da ita ake gayyatarsa taro, da ita ya cike takardun neman zama farfesa. Duk lokacin da na ji ya ambaci ruwan Bungudu mai tsabta a gaban ɗalibai, sai in sunkuyar da kai in ci gaba da goge teburi. Wani lokaci nakan tsorata da kaina, yadda nake iya yi masa murmushi alhali a raina ina auna inda zai faɗi. Ban daina ba dai. Kuma duk wata biyu nakan leƙa Bungudu, don hanyar can da sauƙi, in gaida dattijo mai lambu, in tabbatar ruwan yana nan yadda na san shi.

Damar ta zo ne da sashenmu ya karɓi baƙuncin taron masu nazarin halittun ruwa. Baƙi za su zo daga jami'o'i da dama, kuma al'adar taron ce a fita da su su ga wuri a rana ta biyu. Dakta ya kira ni ya ce in shirya mota da kayan aiki.

"Ina za mu kai su da ba matsala a hanya?"

Na yi kamar ina tunani. "Ranka ya daɗe, ai ga ƙoramar Bungudu. Kusa ce, a bakin titi. Kuma ita ce ka nuna ta fi kowace tsabta a maƙalarka. Baƙi za su so su ga ƙwaron nan da idonsu."

"Madalla," ya ce. "Kai za ka shiga gaba ka nuna wa direba hanya, ni zan zauna da manyan baƙi."

Da safen ranar ya gabatar da jawabinsa. Ya yi kusan sa'a guda. Ya nuna hotuna, ya ce shekara biyu ya yi yana shiga ruwa har gwiwa, rana da ruwan sama, har matsattsaku sun sha jininsa. Aka tafa. Ina can baya kusa da ƙofa ina riƙe da tiren ruwan sha.

A cikin baƙin akwai wata dattijuwar farfesa daga wata jami'a mai nisa, gajeriya, ba ta da yawan magana. An ce rabin rayuwarta a cikin rafuka ta yi. Ita kaɗai ta zo da takalmin roba mai tsawo a jakarta. Tun a mota take cewa ta ƙagu ta ga ƙwaron, don ba ta zaci ana samunsa a wannan yanki ba.

Wari ya riga mu sauka. Damina ta ɗauke ba da daɗewa ba, ruwan ya ja baya, gansakuka ta kwanta a kansa kore shar, ledoji sun maƙale a ciyawa, ga angulaye can sama wajen mayanka. Baƙi suka tsaya cirko-cirko, wasu sun toshe hanci da gefen mayafi. Farfesa ta buɗe jakarta. Ta sa takalminta, ta karɓi rariya daga hannuna, ta shiga. Ta nemi dutsen da za ta ɗaga ba ta samu ba, don babu dutse ko ɗaya a ƙoramar. Ta ɗebo laka ta tace, ta juye a farin faranti, ta fito ta miƙa wa Dakta. Jajayen tsutsotsi ne fal.

"Dakta, a ina ka tsaya lokacin da kake ɗibar samfurinka?"

Ya dubi gabas ya dubi yamma. Ya ce ai ruwa yana canzawa, shekaru sun wuce.

"Ruwa yana canzawa," ta ce. "Duwatsu fa? Su ma tafiya suka yi?"

Sai ya juyo kaina, murya sama. "Wannan ba ita ce ƙoramar ba! Ina ka kawo mu? Wannan mutumin dama yana da tarihin rashin gaskiya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, lambobin taswira masu nuna wurin suna cikin maƙalarka. A duba a waya."

Mutum uku suka duba. Muna tsaye daidai kan wurin.

Ban shirya zuwan dattijo mai lambu ba, wannan Allah ne ya kawo shi. Ya hango taro a bakin ruwa ya taho da fartanya a kafaɗa. Ya ratsa manyan mutanen nan bai kula kowa ba, ya kama hannuna yana tambayar iyali. Farfesa ta gaishe shi, ta tambaye shi ko ya san masu zuwa ɗibar ƙwari a nan.

"Mutum guda na, Hajiya. Ga shi nan. Shekara biyu yana zowa kowane wata, ya shiga wagga ƙazanta har ƙugu."

Ta nuna Dakta. "Wannan fa, Baba?"

Ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Wanga? Da wagga riga? Ban taɓa ganinai ba."

Wani daga baya ya kasa riƙe dariya. Sai na buɗe jaka na fito da littafina, da kwafin jadawalin mai kuskure, da takardar gargaɗin da aka ba ni. Na miƙa wa Farfesa. Ta zauna a kan kututturen dabino, takalminta na ɗigar da baƙar laka, ta karanta kusan minti ashirin, kowa na tsaye. Da ta gama ta tambaye ni sunayen gansakukar da na samu a Kucheri a watan da ruwa ya fi yawa. Na lissafo mata su da ka. Ta juya ta yi wa Dakta tambaya ɗaya mai sauƙi, irin wadda ake yi wa ɗan aji biyu, a kan yadda ake adana samfurin gansakuka kada ya ruɓe. Ya buɗe baki ya rufe. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Na daɗe ina tunanin yadda zan ji a wannan lokaci. Na zaci zan ji tausayinsa ko kaɗan. Ban ji ba. Na tsaya na kalle shi sosai, don kada wani abu ya wuce ni.

A hanyar komowa ba wanda ya zauna kusa da shi.

Sauran abin ya ɗauki lokaci, kamar yadda aikin hukuma yake. Farfesa ta rubuta wa mujallar da hannunta, ta rubuta wa shugabannin makarantarmu. Aka kafa sabon kwamiti da mutanen waje. Abokin Dakta ya yi maza ya ce shi sunansa kawai aka sa, bai ma karanta ba. Mujalla ta janye maƙalar. Aka tsayar da maganar farfesancinsa, aka sauke shi daga shugabancin sashe. Aka cire takardar gargaɗi daga fayil ɗina, aka karɓi kundina yadda na rubuta shi tun farko, ban canza ko wasali ba. Wasu abokan aiki sun daina gaishe ni, suna cewa na tona asirin gida a gaban baƙi, da na bi ta hannun manya. Na ce musu lokacin da aka kira ni ɓarawo suna nan, ban ji wanda ya ce a bi ta hannun manya ba.

Yanzu ina koyarwa a sashen. Dakta yana nan, ofishinsa na ƙarshen baranda, ba ya fitowa sosai.

Bara ya samu kujerar Makka. Ana saura kwana kaɗan su tashi, sai ga shi a ƙofar gidana da hantsi ranar Asabar, shi da wani dattijon limami da muke girmamawa duka. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Liman ya yi nasiha a kan yafiya, ya yi kyau, ban katse shi ba. Sannan Dakta ya yi magana, kansa a ƙasa. Ya rame, furfura ta fito masa.

"Malam, zan tafi ɗakin Allah. Abin da ya faru tsakaninmu, sharrin Shaiɗan ne. Ina neman ka yafe mini."

Na ce, "Me ya faru tsakaninmu?"

Ya ɗago ya dube ni.

"Faɗa mini abin da ka yi, da bakinka, a gaban Liman. In ji abin da zan yafe."

Ya ce an samu rashin fahimta a kan aiki, kowa ɗan Adam ne. Na jira ko zai ƙara. Bai ƙara ba.

Na ce, "Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya."

Liman ya gyara zama. "Malam, ba ka ce ka yafe ba."

"Ban ce ba, Allah gafarta Malam."

Suka ɗan zauna, sannan suka miƙe. Na raka su har bakin mota, na buɗe wa Liman ƙofa. Da na koma ciki matata tana tsaye a tsakar gida, ta ji komai ta taga. Ta ce ba ta san zuciyata ta yi tauri haka ba, mutum ya tako har gida da furfurarsa. Na ce in ya dawo ya iya faɗin sunan abin da ya yi, ƙofata a buɗe take. Ta girgiza kai ta shiga madafa. Da azahar ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, na ci malmala biyu, na nemi ƙari.